Nasiha Ga Sabon Malamin Ƙididdiga

Ya ɗan'uwa, labari ya iske ni cewa an ɗora maka nauyin karantar da ilmin ƙididdiga ga 'yan shekarar farko a kwaleji, kuma galibin almajiranka 'ya'yan Dawakin Kudu ne da Kura da Bunkure, waɗanda suka tashi a bakin lambu tun ba su san dama da hagu ba; to, da yake na riga ka shaƙar ƙurar alli da shekaru masu dama, kuma haƙƙi ne a kan na gaba ya nuna wa na baya inda ramuka suke, na ga ya wajaba in rubuto maka hanyar da za ka bi ka kai ƙarshen zango da rawaninka a ka, ba tare da wani yaro ya fahimci abin da ka faɗa ba.

Ka sani, babu abin da ke tsare martabar malami kamar duhun fanninsa. Saboda haka ran farko ka shiga aji ba fara'a, ka juya musu ƙeya, ka cika allo da harufan Yunanawa, sigma a nan, miyu a can, har ya koma kamar hatimi. Wanda ya ɗaga hannu, ka ce masa amsar tana gaba. In an kai gaban, ka ce ai an wuce wurin.

Amma musibar da ke fakonka tana waje da aji. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya gangaro ya shayar da Kadawa da kewayenta, noman rani ya zama abin dogaro, iyayen yaran nan suke aiki da ilminka safe da yamma, alhali ba su taɓa jin sunansa ba. Dubi mai sayen tumatir a Kwanar Gafan: ya san manomi yana jera manya jajaye a saman kwando, don haka ba ya yarda da fuska, sai ya tura hannu can ciki, kuma ba ya duba kwandon da aka miƙo masa, sai wanda shi ya zaɓa daga tsakiyar tari. Mai sayen shinkafa a Kura kuwa yakan soka ɗan ƙarfensa a wuyan buhu, da cikinsa, da gindinsa, kafin ya buɗe baki ya taya. To, wannan shi ne babin ɗaukar samfur dukansa, matani da sharhi. Ranar da yaro ya gane cewa abin da ka kwashe mako uku kana nanatawa shi ne abin da kawunsa ke gamawa kafin karin kumallo, ranar rawaninka ya faɗi. Ka nisanci tumatir, ka kawo misali da dusar ƙanƙarar Ingila, wadda ba mai iya ƙaryata ka a kanta. Haka kuma ka ɓoye musu cewa shaihin wannan fanni, Ronald Fisher, a tashar binciken gona ta Rothamsted ya kama aiki a 1919, yana bin lissafin alkama da taki. Ka bar su da zaton a ofis aka haife shi.

In ka iso babin matsakaici, nan ne za ka more. A ƙaddara manoma goma ne a gari, Alhaji ya sami buhu 200, sauran tara kowa buhu 10. Ka tara, ka raba, ka yi musu bushara cewa kowane manomi a garin yana da buhu 29. Wataƙila wani mai ƙarambani ya ce babansa bai ga sauran sha taransa ba. Kada ka kuskura ka gaya masa akwai wani ma'aunin, wanda ake jera mutane sahu a ɗauki na tsakiya, wanda da shi aka auna da goma za a samu. Ka ajiye wannan sai daren jarrabawa. Ai ko masu mulki sun fi son na farkon, kai kuwa ba ka fi su hikima ba.

Babin yiwuwa yana da ɗan wahala, domin littafi zai ce a wurga kwabo, ga shi kwabo ya daɗe da yin ƙaura, in kuwa ka fito da karta, kafin azahar maganarka ta kai kunnen liman. Shaiɗan zai raya maka ka tuna musu abin da suka ji a zaure, yadda malaman usulu suka jera yaƙini, da zato mai rinjaye, da shakka, da wahami, kowanne da matsayinsa. Ko yadda malaman hadisi ba sa karɓar labari sai sun bi isnadinsa, wanda shi ne ainihin tambayar da ya kamata a yi wa kowane adadi, wato wa ya ƙirga, kuma daga bakin wa ya ji. Ka yi ta'awwuzi. Da zarar ka faɗi haka za su gane, ganewa kuwa ita ce mafarin tambaya.

Idan hukuma ta matsa sai an fita bincike, ka ɗauki izina daga gare ni. Na taɓa tura almajirai ƙauye da takardu, su tambayi kowane manomi buhu nawa ya samu bana; suka komo da yamma, a gurbin adadi an rubuta "alhamdu lillahi", da "sai godiya", wani dattijo kuma ya ce a rubuta, "Wa ya aiko ku?" Ban ga laifinsa ba, mutumin da kakansa ya shaida cewa ƙirga ba ta zuwa sai da haraji da jangali a bayanta, a ƙasar da gwamnati da kanta ta yi ƙidayar jama'a a 1973 ta koma ta soke. Na kwana ina neman matsakaicin "sai godiya", har yau ban fitar ba.

A jarrabawa ka ba su wannan mas'ala: an lura gonar da tsuntsaye suka fi sauka ita ta fi yawan shinkafa, mene ne hukunci? Wanda ya rubuta cewa a riƙa raba wa manoma tsuntsaye tare da taki, wannan ya bi ka sau da ƙafa, ka cika masa maki. Wanda ya ce shinkafar ce ta kira tsuntsayen, ka sa masa ido, kujerarka yake hange. In kuma bayan sakamako mahaifin wani ya yi sallama a ƙofarka da kwandon tumatir, manya jajaye a sama, ka karɓa hannu biyu, ka yi godiya, amma kada ka tura hannu ciki sai ya tafi.