Masu Huda Kati a Bazarar Turawa

Jego ne ya kai ni Mancesta. 'Yata ta haihu a farkon Janairu, da aka yi arba'in zaman ɗaki ya ishe ni, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ja ni zauren unguwa, inda suke taruwa duk Talata suna ɗinkin katin gaisuwa. Na ce ɗinki a takarda? Ta ce zo dai ki gani.

Ga yadda abin yake. A zana fure da ɗigo-ɗigo, a ɗora zanen a kan kati, a sa soso a ƙasa, a bi ɗigon nan da tsinke ana hudawa, sannan allura da zare su bi hujin. Ba a ƙulli, da salatif ake manne bakin zaren ta baya. Katin ninki uku ne, na ukun shi ke rufa wa bayan asiri. Na tarar suna shirin tarbar abin da muke fassarawa da bazara don rashin wata kalma, wato wajen 20 ga Maris, lokacin da sanyi ke sassautawa, itatuwa su yi toho, furen dafodil ya rufe bakin hanya da rawaya. Yadi yana da haƙuri, in ka kuskure ka warware. Takarda kuwa huji in ya shiga ya zauna ke nan, shi ya sa ba a mako biyu a teburin nan halin mutum bai fito ba.

Namiji ɗaya ne a cikinmu, injiniya ne da ya yi ritaya, ni kuma Baba Rula na sa masa. Da rula da kamfas yake zuwa, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Tsakanin huji da huji milimita 3, ba ƙari ba ragi. Duk baƙuwar da ta zo sai ya yi mata laccar Mary Everest Boole, matar da tun ƙarni na 19 take koya wa yara yadda miƙaƙƙun zaruruwa ke haɗuwa su ba da lanƙwasa. Laccar tana da daɗi, furen ne dai ba ya fitowa. Duk abin da ya ɗinka gadar jirgin ƙasa yake zama. Na taɓa fassara masa cewa mu a wajenmu ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ya ɗaga tabarau ya tambaye ni ƙimar nan milimita nawa ce.

Kusa da shi mai ruwan ido ke zama. Zaren da suke amfani da shi na kamfanin DMC ne na Faransa, sili shida a murɗe, launi kusan 500, kowanne da lambarsa. Baƙi 310 ne, shi kaɗai ba a gardama a kansa. Baiwar Allahn nan ta maƙale tsakanin 307 da 444, duka biyun rawaya. Sai ta kai su bakin taga tana jiran rana ta raba gardama, rana kuwa a Mancesta baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba sallama. Mako uku muna wannan shari'a. Ranar da ta yanke hukunci muka yi mata tafi, sai ta fito da kore kala biyar, wai saura ganye.

Akwai mai garaje. Ita ba ta bin ɗigo, caka kawai take kamar mai tsaga kifi, huji ya matsi huji har katin ya yage kamar gefen kan sarki. Ba ta taɓa jefar da kati ba. Duk inda ya yage sai ta liƙa malam-buɗe-littafi. In kana son sanin kuskurenta na ranar, ƙirga su. Na ga mai bakwai.

Wadda na fi so ita ce na kira Kasuwar Kurmi, don babu abin da ba a samu a katinta. Faɗin abin bai wuce tafin hannu ba, santimita 10.5 da 14.8, amma sai ta cusa zomo, da ƙwai, da ɗan tsako, da ɗan rago, da lema, da bakan gizo, ta bi da duwatsun ado da maɓalli. In ka ce ya isa, sai ta ce ai duka a bazara ake ganinsu. A gidan wayar ƙasar kuwa wasiƙa in kaurinta ya wuce milimita 5 ta shiga ajin manya, kuɗinta daban. Ita ba ta yarda katinta babba ne ba, kan sarkin ƙaramar wasiƙa take mannawa. Ƙanwarta a kowace shekara takardar neman cikon kuɗi take fara samu kafin gaisuwar.

Sai mai leƙa baya, wadda in ka miƙa mata kati ba ta duba fure, juyawa take ta ɓanɓare ninkin ta ga yadda zare ya cukurkuɗe, kamar uwar miji ta shigo ɗakin amarya ta wuce ƙarƙashin gado kai tsaye. Da mai rowar zane, mai kare takardarta da hannu kamar 'yar firamare a jarrabawa. Sau ɗaya ta je lambun Keukenhof na Holan, inda ake shuka tushen fure miliyan 7 a shekara, tun daga nan ta ɗauka tulif gadon gidansu ne.

Ta can ƙarshen tebur har yanzu katin Kirsimeti take ɗinkawa. Baba Rula ya ce a 1843 Henry Cole ya sa aka buga na farko don sayarwa, kwafi 1,000. Ina zargin tare suka fara.

Ni ma ban tsira ba. Suka ce in zana musu bazarar ƙasarmu. Na zauna na ɗiga mangwaro, da randa, da mafici, da wata ƙatuwar rana da ta cinye rabin katin. Suka ce ina furen? Na ce a Kano cikin Afrilu zafi kan wuce digiri 40, a tsakar gida ake kwana, mai fure ya jira damina. Baba Rula ya auna mangwaron ya ce ya karkace. Mai ruwan ido ta tambayi lambar launinsa. Kasuwar Kurmi ta ce akwai fili a kusurwa, ko za a sa raƙumi.

Na ba wani mai tafiya gida katin ya kai wa aminiyata. Bayan kwana goma ta kira ni.

“Hajiya, saƙo ya iso, Allah ya bar zumunci. Kwalin nan yana da ƙwari kuwa. Tun jiya ba wuta, da shi nake fifita.”