Yadda Mutuwa Ke Duba Adireshi a Birtaniya

Mutuwa rigar kowa ce, wannan ba a gardama. Abin da masana a Birtaniya suka daɗe suna nazari shi ne dalilin da ya sa telan ke gama ɗinkin wasu unguwanni da wuri.

Ga yadda tsarin yake. Mutuwa ba ta tambayar mutum albashinsa, don tana da kunya. Adireshi kawai take dubawa. A 1842 Edwin Chadwick ya ƙididdige shekarun mamata, har da jarirai, ya tarar a Manchester iyalan leburori kan mutu a shekara 17 in an raba daidai, na manyan gari kuma a 38. A karkarar Rutland kuwa leburan ma 38 yake kaiwa. Wato attajirin Manchester, da duk agogonsa da keken dokinsa, ya sha wahalar tara dukiya ne don ya kamo manomin ƙauye.

Da gwamnati ta ga haka sai ta ɗauki matakin da ya dace: ta sa a sake rubuta rahoto. Wannan magani yana da fa'ida, domin ba ya ƙarewa, kuma ba a taɓa jin ya yi wa minista illa ba. A 1948 an kafa hukumar lafiya ta ƙasa, ganin likita ya zama kyauta. Kowa ya ƙara kwana, amma ratar tana nan, saboda likita ba ya rubuta wa mutum gida marar danshi ko aikin yi a takardar magani.

Mafi ban sha'awa shi ne rahoton Douglas Black na 1980, wanda ya nuna cewa ratar ba ta ragu ba, a wasu wurare ma ta ƙaru. Gwamnatin Margaret Thatcher ba ta ɓoye shi ba, Allah ya kiyaye. Ta buga kwafi 260 cur, ta saki a hutun watan Agusta, lokacin da 'yan jarida ke bakin teku suna shan iska. Minista ya ce shawarwarin za su ci sama da fam biliyan 2 a shekara. Jana'iza kuwa, iyalai ne ke biya.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo misalin Glasgow. A lokacin, yaron da aka haifa a unguwar Calton ana sa ran zai kai shekara 54. Na Lenzie, da ke nesa da shi da kilomita goma sha wani abu, 82. Shekara 28 ke nan, kuma da mota ko rabin awa ba za a yi ba. A ganina nan ne ma'aikatar sufuri ta yi sakaci.

Mai karatu na iya cewa to mutanen Calton su tashi su koma Lenzie mana. Shawara ce mai kyau, kuma masu gidajen haya na Lenzie sun riga sun yi tunaninta, shi ya sa suka sa kuɗin haya yadda suka sa.

Michael Marmot ya fitar da nasa rahoton a 2010. A 2020 ya koma ya duba abin da aka yi da shi, ya tarar shekarun matan unguwanni mafi talauci a Ingila sun ragu. Wannan karon an sa rahoton a intanet, kowa na iya saukewa kyauta.