Ku da Kuka Ce Babu Abin Hawa a Goronyo

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. "Malam, mutum da hankalinsa, ga damina, ga noma, ya tashi takanas ya hau tudu? Me ya ajiye a can? Akuyarsa ce ta ɓata?" Bakano kuma ya gyara hula ya ƙara da cewa wai ƙasar Sakkwato har tana da abin hawa ne, in ba jigawa ba. To Alhaji, Dala ɗin da kuke taƙama da shi ai matakalar siminti aka yi muku, kuma duk da haka rabinku ba ku taɓa ganin samansa ba sai a hoto.

Gaskiya ne, tuddan da suka yi wa kwarin Rima rakiya daga Goronyo zuwa Wurno ba su kai ko kusa da duwatsun Ingila ba, inda Turawa ke ɗaukar sanda da jaka su nufi ƙololuwar Scafell Pike mai mita 978. Namu gajeru ne, kansu a baje, an lulluɓe su da jan marmara. Amma bari ka tashi daga wajen Kagara bayan asuba, washegarin ruwan sama, ka kama gangaren. Ƙasa mai santsi ta danƙare maka a takalmi, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashinka, ƙarangiya ta kama bakin wando. Kai mai tumbin nan da ke cewa "wannan ai taki goma ne", a rabin hanya za mu same ka riƙe da sabara kana haki, wai kana duba yanayin gero.

Daga sama kuwa sai baki ya mutu. Ga fadama shimfiɗe, shinkafa kore shar, ga gulbi yana lanƙwasa. Can ga madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984. A nan za ka gane da idonka yadda aka yi ambaliyar Satumbar 2010 ta cinye Kagara da ƙauyukan da ke kwance a bakin Rima: ruwa ba shi da wata hanya sai ta kansu, mutane kuma tudu suka gudu. Wanda ya kwana a kai a waccan shekarar ba zai tambaye ka amfanin tudu ba. Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya kafa ribaɗinsa a Wurno inda aka binne shi a 1837, bisa tudu ya ɗora shi, don ya riƙa hango mai zuwa. Ko shi ma za ku ce akuya yake nema?

Yanzu ga wadda za ta sa ku ce na fara zuba. Ƙasar da kake takawa ɗin nan, masana sun ce gindin teku ce fiye da shekaru miliyan 66 da suka wuce. Eh, teku, a Sakkwato, inda ake sayen ruwa a jarka. A cikin duwatsun yankin nan an tono haƙoran kifaye da ƙasusuwan kunkuru da na kada. Wasu masana 'yan Italiya ma sun yi nazarin ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa, a 1972 suka raɗa masa suna Goronyosaurus. Sunan garinku yana cikin littattafan jami'o'in duniya, ku kuna gindin darbejiya kuna musu.

Magana ɗaya ce taku da ba zan yi wa dariya ba, ita ce ta 'yan bindiga. Gabashin Sakkwato ya sha wuya, kuma babu kallon da ya kai ran mutum. Kada kowa ya hau shi kaɗai, kada a yi nisa da gari, a fara tambayar mai gari da manoman wurin. In suka ce a bari, a bari. In suka ce lafiya, ku ɗauki gorar ruwa, ku bar silifas a gida, ku sauko kafin rana ta take. Mai tumbi kuma ya shige gaba, don mu san inda za mu huta.