Rabe-raben Masu Jiran Dodon Landan

A adabin Ingilishi akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ke kwaso aljanu da matsafa da halittun da ba su da suna, ya zube su a tsakiyar babban birnin zamani, inda ake hawa bas ana biyan kuɗin haya. Masu bin wannan reshe ba su kai masu karanta labaran soyayya ko na 'yan sanda yawa ba, amma sun fi su naci, kuma halayensu ba sa fitowa fili kamar a makonnin da ke kewaye da fitowar sabon littafi. Fitowar Kraken na China Miéville a Landan cikin watan Mayun 2010 ta isa misali, domin kusan kowane irinsu ya nuna kansa a lokacin.

Ɗokin yana da dalili. Littafin marubucin na 2009, The City & the City, labarin birane biyu da ke zaune a wuri guda amma doka ta hana mazauna kowanne ganin ɗayan, ya ci kyautar Arthur C. Clarke a watan Afrilun 2010. Karo na uku ke nan da Miéville ya ɗauki wannan kyauta, abin da ba wanda ya riga shi yi. Abin da jama'a suka sani game da sabon littafin kuwa bai wuce jimla ɗaya ba: wata ƙatuwar halittar teku mai hannaye goma, da ke jiƙe cikin tankin gilashi a gidan adana tarihin halittu na Landan, ta yi ɓatan dabo, ita da tankin nata. A kan wannan jimla aka kwana ana tashi har tsawon watanni.

Farkon wanda ke bayyana shi ne mai ƙidayar kwana. Ya biya kuɗin littafin tun kafin a gama zana bangonsa, amma wannan bai hana shi leƙa kantin littattafai duk bayan kwana biyu ba, ko Allah zai sa kwali ya iso da wuri. Masu kanti sun san takunsa. Kishiyarsa shi ne mai toshe kunne, wanda ya yi rantsuwa ba zai ji komai ba sai ya gani da idonsa. Ba ya karanta sharhin jarida, ba ya juya littafin ya duba bayanin bayan bango, kuma in aka ambaci teku a wajen cin abinci sai ya ɗauki farantinsa ya koma wani tebur.

Tsohon hannu ya fi su duka cancantar a tsaya a kansa. Shi ne wanda ya karanta King Rat a 1998, lokacin da sunan marubucin bai wuce bakin mutum ƙalilan ba, kuma har yau bai yafe wa duniya da ta biyo shi ta cika masa wuri ba. Kowace hira tasa da "tun kafin" take farawa. Aƙidarsa ta tsaya a kan littattafai uku da aka gina a wata ƙagaggiyar duniya mai suna Bas-Lag, wato Perdido Street Station na 2000, The Scar na 2002, da Iron Council na 2004. A wurinsa daga nan aka naɗe tabarma, duk abin da ya biyo baya yawon shan iska ne kafin marubucin ya dawo hayyacinsa ya koma New Crobuzon, birnin da ke cikin Bas-Lag. Un Lun Dun na 2007 na yara ne, saboda haka ba ya cikin lissafi. The City & the City ba laifi, sai dai ya yi gajarta, kuma an cika yabonsa, yabon jama'a kuwa a wurin tsohon hannu alamar lalacewa ce.

Tsohon hannu ya fi kowa ɗokin sabon littafin, ya kuma fi kowa musun haka. In aka tambaye shi ko zai saya, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce zai dai duba in ya sami sarari, alhali rasit ɗin yana aljihunsa tun sanyin bara. Ranar da marubucin zai sa hannu a littattafai, shi ne na uku ko na huɗu a layi, domin zama na farko zai nuna zaƙuwa. Yana zuwa da tsohon kwafinsa na Perdido Street Station, wanda gadon bayansa ya karye aka ɗaure da salatif, bangon yana ɗauke da zoben da gindin kofin shayi ya bari. Yakan ɗora shi a kan sabon littafin, fuskar tana kallon waje, don mutanen layi su san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Idan aka ba da damar tambaya, hannunsa ne ke fara tashi. Zai shafe minti biyar yana shimfiɗa, ya ambaci shekarar da ya fara karatu da kantin da ya saya da yanayin garin a ranar, sannan tambayar ta fito, kuma kullum ita ce dai kamar cin ƙwan makauniya: yaushe za a koma Bas-Lag?

Hukuncinsa a kan Kraken ya kammala tun a shafi na 30. Wasa ya yi yawa, in ji shi, marubucin yana shaƙiyanci ne kawai. Duk da haka ya kai ƙarshe cikin kwana biyu, ya sake komawa farko, wai don ya tabbatar da inda aka kuskure. Waɗanda suka daɗe da saninsa suna tuna cewa a 2002 ma ya ce The Scar bai kama ƙafar wanda ya gabace shi ba. Ƙa'idarsa ita ce littafi ba ya zama gwani sai wani ya fito bayansa, kuma da wannan ƙa'ida yake rayuwa cikin jin daɗi, yana kukan abin da bai taɓa rasawa ba.

Ranar fitowa kan fito da mai tattali, wanda ke sayen kwafi biyu, ɗaya na karatu ɗaya na kallo. Na kallon yana shiga leda ya hau kanta, kuma ko matar gida ba ta isa ta taɓa shi ba. Na karatun ma ba a buɗe shi sosai, leƙa shi ake yi ta tsaga kamar mai leƙen ɗakin amarya, kada gadon bayan ya yi layi.

Kusa da shi akwai mai tanadi, mutum mai hankali da natsuwa wanda ba a cika fahimtarsa ba. Ya sayi littafin a ranar farko, ya kai gida, sannan ya ga bai kamata a ci irin wannan abinci a tsaye ba. Sai an sami hutu, sai ranar da ake ruwa, sai an sake bin tsofaffin littattafan don a shiga da shiri. Littafin yana nan gefen gado, an saka tikitin jirgin ƙasa a shafi na 12. An san wani daga cikin wannan rukuni da ya ajiye nasa fiye da wata huɗu yana ta gyaɗa kai a wuraren hira kamar wanda ya karanta. Ba a ga amfanin ambaton sunansa a nan ba, tun da shi ke riƙe da alƙalami.

Idan karatu ya kankama, sai mai tsere ya fara isowa. Littafin ya doshi shafi 500, shi kuwa ya gama kafin asuba, idanu jajur. Ya san ya ji daɗi amma ba zai iya faɗin abin da ya faru a tsakiya ba. Mai ƙamus kuma yana can baya, domin Miéville ya shahara da tono kalmomin da aka binne da ƙirƙiro waɗanda ba a taɓa haihuwa ba. Wannan bawan Allah yakan ɓata rabin sa'a yana neman kalma a manyan kundaye, daga baya ya gane marubucin ne ya ƙera ta da safiyar da ya rubuta shafin. Ɗan'uwansa mai farautar ishara ba ya barin layi ya wuce sai ya samo kakansa: nan an taɓo waƙar Tennyson ta 1830 a kan dodon teku, can an yi wa Cthulhu na Lovecraft inkiya, wanda ya fara fitowa a mujallar Weird Tales a 1928, ga kuma Star Trek a fili ba ɓoye-ɓoye. Sau da yawa yana da gaskiya, abin da ke ƙara sa shi wuyar zama.

Mai taswira yana da daɗin sha'ani, in dai ba a bi shi yawo ba. Shi ya gano cewa halittar da aka sace a labarin tana da asali. A sashen Darwin na gidan tarihin da ke South Kensington akwai irinta ta gaske, wadda masana ke kira Architeuthis dux, ma'aikata kuma suke kira Archie. Tsawonta mita 8.62, kuma a kusa da tsibiran Falkland aka kamo ta a 2004. Sai ya yi rajistar zagayen da ake kai baƙi ɗakin tankuna, ya tsaya gaban gilashin da littafi a hammata, yana auna ƙofa da ido yana lissafin ta inda za a fitar da tanki. Jagoran zagayen, wanda aikinsa ɗaya da na Billy Harrow jarumin labarin, yakan amsa tambayarsa da murmushin wanda ya riga ya ji ta sau da yawa a makon. Daga nan mai taswira zai bi titunan da aka ambata ɗaya bayan ɗaya, yana neman gidan da littafin ya ce teku ta buɗe ofishin jakadancinta a ciki.

Alƙalin rabe-rabe ba ya karatu sai ya san akwatin da zai saka littafi. Shin wannan sabon salon ban-al'ajabi ne, irin wanda Ann da Jeff VanderMeer suka tattara a kundinsu na 2008, ko kuwa ɗan gidan Neverwhere ne, wanda Neil Gaiman ya fitar a 1996? Zai iya raba abokai a kan wannan. Ɗan gwagwarmaya kuma ya zo da nasa awon. Ya san marubucin ya yi digirin digirgir a kan aƙidar Markisanci da dokokin ƙasa da ƙasa, ya kuma tsaya takarar majalisar dokoki a 2001 a ƙarƙashin Socialist Alliance, don haka ko kifi ya yi iyo sai ya ga rikicin talaka da mai jari. A wannan karon Allah ya ba shi sa'a: a cikin labarin akwai wani ruhu daga tsohuwar Masar mai suna Wati, yana tsalle daga gunki zuwa gunki yana jagorantar yajin aikin barorin matsafa. Tun daga ranar ba a sake jin kunne ba.

Akwai kuma ɓataccen baƙo, wanda aka ba littafin kyauta. Saboda sunan China, ya ɗauka marubucin mace ce, ko kuma mutumin ƙasar Sin, alhali a Norwich aka haife shi a 1972. Ya yi haƙuri har zuwa inda wani mutum da yaro suka warware kansu daga cikin ƙunshin takarda, ya daure ya kai inda shugaban 'yan daba ya zama zanen da ke magana a gadon bayan wani, sannan ya rufe ya tambaya cikin ladabi ko lafiyar marubucin ƙalau.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba a iya zama da shi shi ne mai fasa ƙwai. Ba a maganar wanda bakinsa ya suɓuce ya ba da haƙuri, wannan ɗan Adam ne. Ana maganar wanda ya ga mutum a jirgin ƙarƙashin ƙasa da littafi a buɗe, ya leƙo ya duba lambar shafi, ya yi murmushi ya ce, "Ba zan faɗa maka komai ba, amma ka sa ido a kan wane." Ya faɗi komai ke nan, kuma ya sani. Jarin irin wannan littafi kacokan a kan rashin sani yake: wa ya saci halittar, don me, kuma wanne ne na gaske cikin tashin duniyar da ƙungiyoyin addinin birnin ke ta hasashe. Mai karatu ya jira shekara, ya biya kuɗin mai kaurin bango, ya toshe kunne ya guje wa jaridu, sai wani ya kwashe wannan duka cikin daƙiƙa biyar don kawai a san ya riga kowa. Ba ilimi ya nuna ba, saurin juya shafi kawai ya nuna. In aka nuna ɓacin rai kuma sai ya ce ai labari mai kyau ba ya lalacewa don an san ƙarshensa, maganar da bai taɓa yarda a gwada a kansa ba. Karatun farko sau ɗaya ake yin sa, kuma babu kantin da ke mayar da shi. Mutanen da suka fi shan wannan ɗanyen aiki su ne masu tanadi, musamman waɗanda suka tsaya a shafi na 12.

Rukunin ƙarshe shi ne na masu jiran mai laushin bango, wanda a al'adar buga littattafai ta Birtaniya yakan biyo bayan mai kaurin da watanni da dama, a farashi mai sauƙi. Tare da su akwai masu layin laburare, da masu aro, waɗanda kan mayar da littafi da ɗigon miya a babin da ya fi daɗi. Lokacin da suka iso da zumuɗinsu suna neman abokin hira, kasuwa ta riga ta watse. Kraken ya ci kyautar Locus a 2011, kuma a watan Mayun shekarar Embassytown ya fito, labarin da aka kafa a wata duniya mai nisa cikin sararin samaniya, ba a Bas-Lag ba. Tsohon hannu ya ce zai duba in ya sami sarari.