Neman Ƙungiyar Tsofaffin Motoci a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ƙasashen Turawa tsohuwar mota tana da nata matsayi a doka. A Ingila, motar da ta cika shekara 40 ana yafe mata harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara, kuma idan takardunta sun salwanta, ƙungiyar masu irin motar ce ke duba ta, ta sa hannu, hukuma ta mayar mata da lambarta ta asali. A Jamus shekara 30 ake nema, sai a ƙara harafin H a ƙarshen lambar. A jihar Victoria ta Ostareliya kuwa sai mutum ya shiga ƙungiya tukuna, sannan a ba shi izinin hawan motarsa kwana 45 ko 90 a shekara, duk ranar da ya fita ya rubuta a littafi.

A kudancin Katsina mota hali biyu gare ta: ko tana bisa taya tana aiki, ko tana bisa duwatsu. Babu ritaya a tsakani.

Da ana ba mota girma a wannan yanki, Fijo 504 ce za ta fara samu. A 1968 ta fito a Faransa. A 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kakuri cikin Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji ke ɗumama aljihun ma'aikata, aka yi ta harhaɗa ta a can har bayan shekarar 2000, Faransawa sun daɗe da rufe babinta. Ita ce motar hakimi da alƙali da sufeton makaranta, ita ce kuma ta malaman gona na shirin noma na Funtuwa wanda Bankin Duniya ya tallafa. Wadda mai wannan rubutu ya gada ƙirar 1979 ce, mahaifinsa malamin gona ya saye ta da bashin mota. Ta yi shekaru a bayan gida a Ƙanƙara, kaji na ƙwai a kujerar baya, kafin a yi niyyar tashinta. An samo inji a Panteka ta Kaduna, fitilu a Ƙofar Ruwa ta Kano, mai walda ya toshe ƙasanta, mai fenti a Funtuwa ya mayar mata da farinta. Kuɗin masarar bana duka a nan suka ƙare, abin da uwargida ba ta daina ambata ba.

Batun ƙungiya daga ɗan ƙanwar mai motar ya fito, wani ɗalibi a Zariya da waya ba ta barin hannunsa. “Kawu, wannan ai kayan tarihi ce. Ba a kai irinta ofishin lamba kai tsaye. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci za ka nema, su ne za su tsaya maka.” Bai faɗi a wane gari suke ba, ya koma makaranta.

Ƙungiyar da ta fi kusa da duk mai mota ita ce ta direbobi, domin babu tashar da ba ta da reshe. Shugaban reshen da aka fara zuwa ya zagaya motar, ya danna kujerar baya da tafin hannu, ya buɗe but ya leƙa. “Layin ina za ta yi, Malam? Funtuwa ko Malumfashi?” Aka ce ba haya za ta yi ba, don tarihi aka gyara ta. Ya ce tarihi ba ya hana lodi: biyu gaba, huɗu baya, buhu biyu a but a ɗaure da roba. Ana cikin wannan muhawara a ƙarƙashin rumfa sai aka ji ɗan kamasho yana kwarara kira, “Sheme, saura mutum ɗaya!” Ko da aka waiwaya, mota ta cika. An lallashi fasinjoji sun sauka, ban da wata tsohuwa mai kwandon zabi, wadda ta ce, “Ɗan nan, ni dai na biya, kuma ƙafata ba ta hawa biyu.” Tafiyar farko da motar ta yi bayan gyara ke nan: kai tsohuwa da zabinta Sheme. Kuɗin motar kuma suna wurin ɗan kamasho.

Ƙungiya ta biyu ita ce ta makanikai, a wani gareji a ɓangaren Faskari, kan titin Funtuwa zuwa Gusau. A nan ne kaɗai aka nuna wa motar ƙauna ta sani. Yaran gareji, da suka tashi cikin motocin da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu, suka yi ta laluben ƙasan sitiyari suna neman wurin jonawa. Ubangidansu, dattijo mai furfura, ya kore su, ya ɗaga bonet, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce yau za su ga inji. Ya kwance kafireto ya baje a kan buhu, ya nuna musu yadda ake busa jet da baki. Ya ciro kwantak, ya goge da ƴar takarda mai kaushi, ya saita tazararsa da ido. Darasin ya ci tun hantsi har azahar, mai mota na zaune a kan tsohuwar taya yana kallon kuɗin masararsa a warwatse a ƙasa. Da aka mayar da komai, noti biyu suka rage. Dattijo ya juya su a tafin hannu ya ce na Bature ne, dama ba su da aiki.

Da aka zo maganar rajista, sai ya tambaya, “Wa ya yaye ka?” Ƙungiyarsu ta masu sana'a ce, ba ta masu mota ba. Amma don girman mahaifin Malam, in ya kawo goro za a karɓe shi, ya fara da wanke fulogi. Malam ya haura sittin.

Ƴan siyasa ba a neme su ba, su suka zo. Buƙatarsu a ɗaura lasifika biyu a rufin motar, a manna hoton ɗan takara a kan sabon fenti.

Labari mafi ƙarfi daga Sabuwa ya zo. Wani mai shayi ya tabbatar cewa akwai mutane a can da ba su da zance sai na tsofaffin motoci, har ƙauyuka suke bi suna cigiya. Daga Ƙanƙara sai an bi ta Funtuwa da Ɗandume, kuma a ƴan shekarun nan ba mai son la'asar ta same shi a wannan hanya, don haka sammako aka yi. Mutanen sun tabbata, tarbarsu kuma ta fi ta kowa. Babbansu ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa ya saurara, ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, ƙarfen da ke nan. Na yanzu gwangwanin madara ne.” Ya shafa lagireto ya kira yaronsa ya zo ya ga tagulla. Mai mota ya ji daɗi ƙwarai, har ya fara ba da tarihin mahaifinsa. Sai yaron ya dawo yana jan sikeli. Ƴan gwangwan ne, kuma da kilo suke lissafi.

Abin da doka ke nema a zahiri bai ambaci ƙungiya ba ko kaɗan. Tsohuwar mota da sabuwa layi ɗaya suke bi: shaidar mallaka, lasisin mota na shekara daga hukumar haraji ta jiha, takardar lafiyar mota daga masu duba motoci, inshora, da lamba. Matsalar 504 ta 1979 ita ce ta girmi jihar da za ta yi mata rajista. Lambarta KD ce, ta tsohuwar jihar Kaduna, wadda aka cire Katsina daga cikinta a 1987. An sauya tsarin lambobi na ƙasa a 1992, aka sake sauyawa a 2011 zuwa wanda ake gani yau, mai farawa da haruffa uku na ƙaramar hukuma: KKR ta Ƙanƙara, FSK ta Faskari, SBA ta Sabuwa.

A ofishin da aka je, matashin da ke kan tebur ya nemi takardar kwastan, domin shi a saninsa duk mota ta ruwa take zuwa. Aka ce a Kaduna aka yi ta. Ya ɗago kai ya dubi Malam da tausayi. To rasidin kamfani fa? Gara ta cinye shi tare da akwatin. Sunan da ke tsohon littafin motar na mamaci ne, wannan ya jawo takardar rabon gado da ta rantsuwa daga kotu, da rahoton ƴan sanda na ɓatan takardu. Lambar inji ba ta dace da ta littafi ba, tunda injin na Panteka ne, sai aka nemo rasidinsa. Lambar shasi kuwa mai fenti ya binne ta da kyau, dole aka kankare wurin da wuƙa a gaban mai ita.

Wanda ya warware kullin wani tsohon masinja ne da ke gyangyaɗi a benci. Ya leƙa ta taga ya ce, “Yallaɓai, ai motar malamin gona ce. Ita ta kai ni asibitin Malumfashi da maciji ya sare ni.” Shaidarsa ba ta cikin jerin takardun da ake nema, ba a kuma rubuta ta a ko'ina ba, amma daga ranar fayil ɗin ya fara motsi.

Yanzu motar tana ɗauke da lamba mai KKR, ana sabunta takardunta duk shekara. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ba a rage wa tsohuwa ko kwabo. Direbobin tasha sun daina gaishe da mai ita, makanikai sun ce tayinsu na nan. Mutanen Sabuwa ne ba su yanke zumunci ba. Duk ƙarshen wata babbansu yakan bugo waya ya tambayi lafiyar mota, in an ce masa lafiya ƙalau take, sai ya ce, “To, Allah Ya kyauta.”