Kwamfutar da Ke Suma a Anacha

Kawuna dillalin albasa ne, yana da rumfa a Fatakwal, da Anacha kusa da gada, da Inugu. Tun da na yi difloma a kwamfuta sunana ya ɓace a gidanmu, sai Injiniya.

Kowace rumfa da kwamfutar da ke riƙe lissafin bashi. Yara kuwa da magariba sai su kashe janareta tana kunne, lissafi ya hargitse. Kawu ya ce, "Injiniya, ka sa ta riƙa kwanciya da kanta, kamar kaza."

Ta Fatakwal Ubuntu ce. Na sa mata layi ɗaya da za ta karanta da zarar ta tashi: shutdown -h +600. Minti 600, awa goma ke nan. A kunna ƙarfe takwas, ta kwanta ƙarfe shida. Ranar farko Kawu har masallaci ya riƙa nuna ni ga mutane.

Kai ya kumbura. Ta Anacha Windows ce, ban ma je ba, ta waya na karanta wa ɗan Kawu: shutdown /s /t 600, a zuba a Task Scheduler. Ashe Windows ba ta san minti a nan ba, da sakan take ƙirga.

Washegari da hantsi ɗan Kawu ya bugo waya: "Yaya, kwamfutar nan suma take yi!" Kowane minti goma sai ta sheme. Wani mai bashin buhu arba'in ya zo da kuɗi a leda, ana neman sunansa allo ya yi baƙi. Ya ce idan ta farfaɗo a neme shi. Aka zargi janareta, aka canja mai. Aka kira malam ya yi mata tofi, har da turare.

Na hau mota ta Owerri, ina lissafi da yatsu har na gano ɓarnata. Ina isa na kori yara daga rumfar, na danna shutdown /a, na mayar da lambar 36000.

"Me ya same ta?" in ji Kawu.

"Zafin Anacha ne, Kawu."

Ya saya mata fanka, malam ya karɓi tukuici. Sannan Kawu ya ce gobe sai Inugu. Na tambaya wace iri ce a can.

"Mai hoton tuffa da aka gatsa."

Nan take cikina ya murɗa.