Baƙin wuyan yarinyar nan ba dauɗa ba ce

Mu nan Sagnarigu, in yaro ya yi kumatu ya cika riga, sai mu ce Masha Allah, uwarsa ta iya reno. Akwai dalili. Iyayenmu sun ga yunwar damina da idonsu, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, kuma har yau a ƙauyukan arewacin Ghana akwai yaran da ƙarancin abinci ya tsumburar. Wanda ya ga haka da wuya ya kalli ƙiba ya kira ta matsala.

Amma gari ya sauya. Tun da aka yanke Sagnarigu daga Tamale a 2012 gine-gine suke ta cin fili, daga Choggu zuwa Kanvili, Jisonayili har Gurugu. Inda yara suke buga ƙwallo jiya, yau an yanka fuloti. Tamale da aka sani da keke, yanzu babur ko yalo-yalo mai ƙafa uku ke sauke yaro a ƙofar makaranta. Mu danƙa masa sidi, ya sayi lemon kwali da biskit, da dare a soya masa indomi da ƙwai yana kallon waya. Koko ma sai mun zuba sukari har ya kwanta a gindin kofi, sobolo (zoɓo) kuwa in bai yi zaƙi raɗau ba mai sayarwa za ta koma da shi gida. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi ko ga babba shi ne kada ya wuce kamar giram 25 a yini. Gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi a 2023, mu dai ba mu fasa saye ba.

Kwanaki a layinmu wata uwa ta tsare 'yarta mai shekara 12 a tsakar gida da soso da sabulun salo, tana dirzar bayan wuyanta, tana faɗan ƙazanta. Fatar ta yi baƙi, ta yi kauri, da laushi-laushi, har cikin hammata. Yarinya na hawaye, baƙin na nan. Maƙwabciyarmu nas ta leƙo ta ce, "Hajiya, don Allah ki ajiye soson nan. Ko za ki kwana kina wankewa ba zai fita ba. Ki kai ta a auna mata sukari da hawan jini."

Abin da ta bayyana mana ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Lokacin balaga, jikin kowane yaro yakan ɗan daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Ga mai jiki daidai, wannan na wucewa in balaga ta kammala. Ga wanda kitse ya taru masa, musamman a ciki, nauyin ya zama biyu: jiki na ta ƙara zubo insulin, yawansa ne ke baƙanta wuya, daga nan hanyar ciwon sukari da kitsen hanta ta buɗe. 'Yan mata masu ƙiba kuma sukan soma balaga da wuri, uwa ta rikice tana neman dalili a wani wuri.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Duk sanda jiki ya ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, yana barin wasu burbushi masu cin ƙwayoyin jiki da bangon jijiyoyin jini, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki na da nasa masu kariya, abinci ma na kawo wasu, irin su bitamin C da E. In kitse ya yi yawa, burbushin nan sun fi ƙarfin masu kariya.

Da jin haka wasunmu sai kantin magani, a sayo ƙwayoyin bitamin masu tsada. Ni a nan nake jin takaici, domin ba a tabbatar ƙwayoyin na gyara wannan matsala ba, ga shi kuma abin da ake nema na zube a kasuwar Aboabo da bayan gidajenmu: zogale, ayoyo, yakuwa, garin kwalba na 'ya'yan kuka, mangwaro a bazara, 'ya'yan kaɗanya a farkon damina, gyaɗa da wake. Sai dai mukan lafta wa ganye kanwa mu bar shi kan wuta har ya mutu, kuma kanwa da doguwar dahuwa suna kashe bitamin C. Tuwon zafi ya cika kwano, miya 'yar kaɗan a gefe.

Kada kuma a hana yaro mai tasowa abinci ko a riƙa kiransa da sunan tsokana, yana buƙatar ƙarfin girma. Gidan ne duka zai rage sukari tare. Sa'a ɗaya ta guje-guje a kullum ake so ga 'yan shekara 5 zuwa 17, kuma 'yan matanmu ne suka fi rasa ta, don da zarar ƙirji ya fito muke cewa su zauna a gida.